YADDA ZA KA KOYA WA SAGARA YIN ƘWAI A AKWATI

Ya ɗan'uwana manomi, kuɗin auduga sau ɗaya suke zuwa a shekara, amma ƙwai yana kawo ɗan abin cefane ko da wane lokaci. Maganar nan ta shafe ka, ko kana ƙauye wajen Tamale, ko Tumu, ko Wa, ko kuwa kana cikin masu gangarowa Ankara bayan an ɗebe auduga, iyalinka na kiwon kaji a tsakar gida a Nima, ko Mamobi, ko Agbogbloshie.

Bara na sauka gidan kawuna a Mamobi. Matarsa tana da kaji 4 da suka isa ƙwai, tana ba su dusa kullum, amma wata guda cur ba ta ɗauki ƙwai ko ɗaya ba. Har ta fara zargin yaran maƙwabta, aka daina gaisawa. Ran nan muka bi sawun wata kaza, sai ga ƙwai 9 bayan tarin tsohon kwanon rufi, bakin kwata. Ɓera ya fasa 3, sauran kuwa ruwa ya ɓata su. Ashe yara ba su da laifi. Ba a shirya wa kajin wuri ba ne.

ME YA SA TAKE ƁOYEWA?

Halin kaza ne ta nemi lungu mai duhu, inda ba a damunta. Inda ta yi ƙwan fari, nan za ta riƙa komawa, balle in ta tarar da wani ƙwai a wurin. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta yi kwanci, kamar sau 3 a shekara. Ka ga ƙwan ba yawa ne da shi ba, bai kamata ka bar wa maciji da kare ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai ka riga ta zaɓen wuri.

ƘAƘA ZA KA SAN TA KUSA?

Sagara, watau budurwar kaza, takan fara ƙwai tana da wata 6 ko 7. Kajin Turawa sukan fara tun suna wata 5. Za ka ga zankonta ya yi girma, ya yi ja wur. Za ta riƙa leƙa lungu lungu tana kuka. In ka kai mata hannu sai ta durƙusa. Ka taɓa ƙasusuwan nan biyu na gindinta. In yatsunka 2 sun shiga tsakaninsu, to, lokaci ya yi. Ya kamata akwati ya riga ya zauna mako 2 kafin wannan.

AKWATIN

1. Tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa su zama ƙafa 1, watau santimita 30. Tsohon akwatin tumatir irin na kasuwar Agbogbloshie ya isa, in babba ne ka raba shi biyu. A ƙauye kwando ko fasasshiyar tukunya ma ta yi.

2. Akwati 1 ya ishi kaji 4 ko 5.

3. Ka buga ɗan katako mai faɗin tafin hannu a bakinsa, don kada ƙwai ya gangaro. Ka rataya guntun buhu ya rufe rabin ƙofar, ciki ya yi duhu.

4. Ka fara barbaɗa toka a ƙasansa saboda ƙuma da ƙwarƙwata, sa'an nan ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko ƙaiƙayin shinkafa, ko garin katako na kafinta.

5. Ka sa shi cikin akurki, a kusurwar da rana ba ta bugu. Ka ɗora shi kan bulo saboda ruwan damina, amma kada ya kai tsayin sandan da suke kwana a kai. In ya fi sandan tsayi, ciki za su kwana su cika shi da kashi.

KOYARWA

Ka sa ƙwai 1 cikin akwatin, ka yi masa alama da gawayi don ka gane shi. Dafaffe ya fi, kana sake shi bayan kwana 2 ko 3. In babu, farin dutse mai kamar ƙwai ya isa.

Yawancin kaji da hantsi suke yin ƙwai. Saboda haka ka tsare su cikin akurki har azahar, da ruwa da abinci, sa'an nan ka sake su su yi kiwo. Ka yi haka kwana 7 a jere, kada ka tsallake ko ɗaya. Ka hana yara leƙe. In ka ga wata ta kwanta a ƙasa, ka ɗauke ta a hankali ka sa ta ciki.

In akwai wadda ta riga ta saba da wani wuri, ka bi ta sa'ad da ta yi kyarkyara, ka kwashe ƙwan, ka toshe wurin da ƙaya ko duwatsu. Ita sai an tsare ta mako 2.

Ka riƙa kwashe ƙwai sau 2 a rana, kana barin mai alamar nan kaɗai. Ƙwan da ya daɗe yakan fashe, kaza kuwa in ta ɗanɗana shi da wuya ta daina sha. Ka daka ɓawon katantanwa ka ba su, yana ƙarfafa ɓawon ƙwai.

GARGAƊI GA MAI AUDUGA

Kada ka yi akwati ko mazubin ruwa da galan ɗin maganin feshi, ko da ka wanke shi. Kada kaji su kai ga irin shuka da aka cuɗa da magani, dafi ne. Ƙulin angurya kuma ba abincin kaza mai ƙwai ba ne. In ya yi yawa yakan sa gwaiduwa ta yi duhu in ƙwan ya ɗan jima, mai shayin Nima kuwa ba zai sāke saye wurinka ba.

Matar kawuna ta bi wannan hanya. Kafin in bar Ankara kajinta duka suna shiga akwati da kansu, ta kuma kai wa maƙwabtanta ƙwai 4 ta ba su haƙuri. In wani abu ya shige maka duhu, ka tambayi malamin gona ran da ya zo duba audugarka.