Ƙafa ɗaya, aiki takwas: yadda ake gaya wa Linux abin da aka jona wa BeagleBone

Da wuya ɗalibin injiniyan lantarki ko na kwamfuta da ke karatu a Ingila, Malesiya, Indiya ko Masar ya kai aikinsa na shekarar ƙarshe bai ci karo da 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, ko dai Raspberry Pi ko BeagleBone Black. Kuma akwai wani tarko da yawancinsu ke faɗawa: an jona wayoyi daidai, manhajar da aka rubuta ba ta da kuskure, amma na'urar GPS ko sensar da aka haɗa ta yi gum. Sai a kwashe mako guda ana sake rubuta Python, ranar miƙa aiki tana matsowa, alhali laifin ba a can yake ba. Linux ce ba ta san an jona komai ba.

A babbar kwamfuta, idan ka soka filas ko linzami a kafar USB, na'urar da kanta take faɗin sunanta, kwamfuta ta nemo mata direba. Hanyoyin sadarwar da ƙananan alluna ke amfani da su, irin su UART da SPI da I2C, ba su da wannan ladabin na yin sallama. Sai an sanar da Linux tun kafin ta tashi cewa ga abin da ke nan, ga adireshinsa, ga ƙafafun da zai yi aiki da su. Takardar da ke ɗauke da wannan bayani ita ce Device Tree, wato bishiyar na'urori.

Ba sabon abu ba ne. Tushensa yana cikin tsarin Open Firmware da ya samo asali daga kamfanin Sun, wanda tsoffin kwamfutocin Apple masu firosesar PowerPC su ma suka yi amfani da shi. A ɓangaren ARM kuwa, da can kowane allo sai an rubuta masa fayil na musamman da harshen C a cikin Linux ɗin kanta, har abin ya ishi Linus Torvalds ya fito ya yi faɗa a 2011. Daga nan aka koma ga bishiyar. BeagleBone Black, wanda ya fito a 2013, yana cikin allunan da suka fara jefa masu koyo cikin sabon tsarin.

Allon yana da layukan ramuka biyu, P8 da P9, kowanne da ƙafa 46. Firosesarsa ta gidan AM335x ce ta kamfanin Texas Instruments, kuma ayyukan da ke cikinta sun fi ƙafafunta yawa nesa ba kusa ba. Don haka ƙafa ɗaya tana iya samun yanayi har takwas, daga 0 zuwa 7, amma ɗaya kawai za ta yi a lokaci guda. Ɗauki P9_24. A yanayi na 0 ita ce mai tura saƙon UART1. A na 2 tana karɓar saƙon CAN, hanyar da na'urorin cikin mota ke magana da juna. A na 3 ita ce agogon I2C1. A na 7 kuma ta zama ƙafar kunnawa da kashewa kawai, wadda ake kira GPIO. Idan tana yanayi na 7 kana tura mata saƙon UART, ko za ka kwana kana yi babu abin da zai fita.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne suna. Kamar mutumin da ke da sunan yanka da laƙabi da sunan da ake kiransa a makaranta, haka kowace ƙafa. Wadda ka gani a allo a matsayin P9_12, firosesa ta san ta da gpio1_28, tsoffin darussa suna kiranta lamba 60 (32 sau 1, a ƙara 28), a cikin bishiya kuma 0x078 ce. Duk abu ɗaya. Wanda bai ajiye jadawalin ƙafafu a gabansa ba zai saita wata, ya jona waya a wata.

Lambar da ake rubutawa kusa da adireshin ba tsafi ba ce. Bit uku na ƙasa su ke zaɓar yanayi. Na gaba yana kashe 'yar resistar da ke cikin firosesa, na bayansa yana zaɓar ko ta ja wutar sama ko ƙasa, sai kuma wanda ke buɗe ƙafar ta iya karɓar saƙo. Saboda haka 0x37 na nufin GPIO mai karɓa wadda aka ja sama, 0x27 mai karɓa wadda aka ja ƙasa. A ganina minti goma da mutum zai ba wannan lissafi ya fi masa yini guda na kwafo lambobin wani daga intanet.

Ba sai an taɓa babbar bishiyar ba. Ana rubuta ɗan ƙaramin fayil ne wanda za a ɗora a kanta kamar faci, a ce a ciki: waɗannan ƙafafu biyu su koma yanayi na 0, sannan UART1 ta tashi daga "disabled" zuwa "okay". Wannan mataki na biyu shi ake yawan mantawa. A saita ƙafa amma a bar injin da ke bayanta yana barci. Sai a sarrafa fayil ɗin da manhajar dtc, tare da alamar -@, ya fito da ƙarshen .dtbo, a rubuta sunansa a /boot/uEnv.txt domin U-Boot ya ɗora shi lokacin tashi. Don gwaji na gaggawa akwai umarnin config-pin a nau'o'in Debian na allon da aka daɗe ana amfani da su, amma abin da ya saita yakan tafi da zarar an kashe wuta.

A kula da shekarar darasin da ake bi. Da yawa daga cikin waɗanda ke fitowa a saman Google an rubuta su ne zamanin Linux 3.8, suna cewa a tura sunan faci cikin wani fayil mai suna slots. An daina wannan hanya, fayil ɗin ma babu shi a sababbin nau'o'i.

Inda abin ke taɓa aljihu shi ne ƙafafun da tuni suna da mai su. P8_3 zuwa P8_6 da P8_20 zuwa P8_25 na ma'ajiyar eMMC ne, inda Linux ɗin take zaune. Ka ƙwace su, allo ya ƙi tashi. P8_27 zuwa P8_46 na HDMI ne, sai an kashe hoto a uEnv.txt kafin a samu damarsu. Ko an kashe, P8_31 zuwa P8_46 su firosesa ke dubawa a daidai lokacin kunnawa don sanin daga ina za ta tashi, don haka abin da ka jona musu yana iya ɓatar da ita. P9_19 da P9_20 kuma ta nan allon ke gano ƙananan allunan da ake kifa masa a kai. Sannan babu facin da zai ceci wanda ya ba ƙafa wutar da ta fi ƙarfinta: GPIO volt 3.3 take ɗauka, ƙafafun awo na analog kuwa 1.8 kacal. Wanda ya saba da Arduino Uno mai volt 5 ya yi hattara sosai, domin firosesar da ta ƙone sai dai a sayi wani allon, da kuɗin da aka ware na abinci ko haya.

Masu Raspberry Pi sun fi samun sauƙi, don an riga an rubuta musu yawancin facin. Layi ɗaya a config.txt, dtoverlay=w1-gpio, ya isa a karanta sensar zafi DS18B20 a GPIO4, wadda ita ce ƙafa ta 7 idan ana ƙirga ramuka. Tun fitowar Bookworm a 2023 fayil ɗin ya koma /boot/firmware. Su ma suna da nasu tarkon: a Pi 3 da Pi 4 Bluetooth ya riƙe babbar UART, sai an sa dtoverlay=disable-bt take dawowa ƙafafun waje.

Idan an yi komai abu ya ƙi, a daina zato, a tambayi Linux. Bishiyar da ta tashi da ita tana nan a /proc/device-tree, a ƙarƙashin /sys/kernel/debug/pinctrl kuma za a ga kowace ƙafa da direban da ya riƙe ta, dmesg kuma yakan faɗi ƙarara idan direbobi biyu suna rigima a kan ƙafa ɗaya. In kuwa allon ya ƙi tashi gaba ɗaya, mafita ita ce 'yar kebul ta USB zuwa siriyal mai volt 3.3, a jona ta a ƙafafu shida na J1 da gudun 115200. Ta nan ake ganin U-Boot yana lissafa facin da ya ɗora ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya tsaya a kansa.