Me Ya Haɗa Ɗalibin Kimiyya da Harshen Kwamfuta?

Da yawa daga cikin yaran Baure, Zango da Mai'aduwa, zamansu na farko na kirki a gaban kwamfuta shi ne ranar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka daina rubuta ta a takarda. Wanda Allah ya ba gurbin karatun sinadarai ko kimiyyar halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, yana shiga aji ɗaya sai ya tarar da kwas ɗin kwamfuta na jiransa. A sabon tsarin manhajar karatu da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022, sunansa COS 101, kuma wasu sassan sukan wuce nan har su kai ɗalibi ga rubuta manhaja da hannunsa. Nan ake fara guna-guni: ni da ban zo karanta kwamfuta ba, ina ruwana?

Da ruwanka, har da tsakinka. Masu kimiyya ne ma aka fara yi wa wannan hanya. Harshen FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka fitar a 1957, don lissafin masana kimiyya da injiniyoyi aka gina shi, kuma har yau ana hasashen yanayi da shi. Python, wanda Guido van Rossum ya saki a 1991, shi ne yanzu ya fi farin jini wurin koyar da masu farawa, domin karanta shi ba ya ba da wuya.

Abin da ake koyarwa bai taka kara ya karya ba, in an bi shi a hankali. A ce an ba ɗalibi bayanan ruwan sama na kowace rana a daminar Baure, aka ce ya gano fari mafi tsawo da gero ya sha bayan shuka. Zai tanadi wurin ajiye ƙirge, ya fara da sifili. Zai umarci kwamfuta ta bi ranakun ɗaya bayan ɗaya. A kowace rana ya gindaya mata sharaɗi: in ba a yi ruwa ba, ƙara ɗaya, in an yi, ki gwada abin da kika tara da mafi tsawon da kika gani a baya, ki riƙe babban, ki koma sifili. Ma'ajiya, maimaici da sharaɗi ke nan, kuma rabin kwas ɗin a kansu yake zagayawa. Layi goma sun isa. Waɗannan layukan, ba tare da an ƙara musu komai ba, za su bi bayanan shekara talatin kafin mutum ya kurɓi shayi.

Inda ake faɗuwa shi ne hadda. Mu mutane ne masu ƙarfin hadda, kuma ta yi mana rana a fagage da dama, amma a nan ba ta kai mutum ko'ina. Ɗalibi zai haddace manhajar da malam ya rubuta a allo, a sauya masa lamba ɗaya a jarrabawa, ya tsaya cak. Kwamfuta kuwa ba ta san kara ba: ka manta baka ɗaya ko ɗigo biyu, ta ƙi aiki. Saƙon kuskuren da take fitarwa yakan faɗi layin da matsalar take, sai dai yawancin masu farawa tsoro ke hana su karanta shi.

Gaskiya ne ɗakin kwamfuta kan yi wa ɗalibai kaɗan, wuta kuma sai an yi sa'a. To amma wayar Android ta aljihu tana iya ɗaukar Python ta manhaja irin Pydroid 3, wadda in an sauke ta sau ɗaya ba ta neman data don ƙananan gwaje-gwaje. Wanda ke jiran sunansa ya fito a jerin masu shiga jami'a zai iya farawa da farashin buhun wake na kasuwar garinsu: ya shigar da na mako-mako, ya sa waya ta fitar masa da matsakaici da makon da ya fi tsada.