Ilmi a Ka, Shaida a Hannu: Nasiha ga Mai Neman Aikin Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya kammala shekara 5 na karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ya yi shekarar sanin makamar aiki, ya kuma karɓi lasisin MLSCN, hukumar kula da sana'ar da dokar 2003 ta kafa, haƙiƙa ya mallaki ijaza; amma ranar da zai zauna gaban kwamitin tantancewa, a Lafia ne ko a Keana, abin da magabata a sana'ar ke son gani shi ne ko ilmin ya sauko daga ka zuwa yatsu, kamar yadda matan Keana masu dafa gishiri ke gane nunarsa da ido tun kafin a sauke shi daga wuta.

Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya koma kan teburin aiki ya yi muraja'a da hannunsa. A wajen tantancewa, galibi daga zazzaɓin cizon sauro ake farawa, a miƙa masa gilashi biyu a ce ya shimfiɗa jini. A nan ake sanin wanda ya saba, domin shi ne zai tuna cewa siririyar shimfiɗa ake kafewa da methanol, mai kaurin kuwa ba a taɓa ta da shi, cewa ruwan haɗa rinin Giemsa ya tsaya a ma'aunin pH 7.2, kuma ba a yanke hukuncin babu ƙwayar cuta sai an duba aƙalla fage 100 a madubin duba ƙwayoyin cuta.

Daga nan sai mas'alolin da littafi bai cika yin sharhinsu ba: yaya zai yi da jinin da ke firji idan wuta ta ɗauke, wace kariya zai ɗauka idan ana zaton samfurin na mai zazzaɓin Lassa ne, me zai ce wa likitan da ke gaggauta shi alhali gwajin dacewar jini bai kammala ba? Jawabi mafi inganci shi ne mai tartibi, daki-daki. Inda kuwa bai taɓa sarrafa wata na'ura ba, irin su GeneXpert ta gwajin tarin fuka, to ya faɗi gaskiya, ya bayyana ƙa'idar aikinta.

Dalili kuwa shi ne, sakamakon gwaji shahada ce da likita zai gina hukunci a kanta ba tare da ya ga abin da aka gani ba, kuma wanda ya yi da'awar abin da bai iya ba a gaban kwamiti, ba a amince masa da jinin bayin Allah.