Ranar da Rumawa suka rasa sarkinsu a Adiriyanofil

A shekarar 376 miladiyya dubban 'yan ƙabilar Got, kakannin waɗanda tarihi ya sani da Bisigot, suka yi cincirindo a bakin kogin Danub da matansu da 'ya'yansu. Mahayan Hun ne suka fatattake su daga garuruwansu, suka zo roƙon mafaka a Daular Rum. Sarki Balens, mai mulkin gabashin daular, ya yarda su ƙetaro, yana hangen ya samu sojoji a ɓagas.

Jami'an da aka damƙa wa amanar baƙin, Lufisinus da Maksimus, su suka kunna wutar. Amiyanus Marselinus, tsohon sojan da ya rubuta tarihin zamanin, ya ce da yunwa ta yi tsanani sai jami'an suka riƙa tattaro karnuka suna ba mutanen, kowane kare a bakin bawa ɗaya, har da 'ya'yan masu sarauta. Daga baya Lufisinus ya kira shugabannin Got walima a Marsiyanofil, aka karkashe dogaransu. Jagoransu Firitigan ya sha da ƙyar, tura ta kai bango, ƙasar Tarakiya, inda suke, ta kama da wuta. A ganina, duk wanda ya kira wannan yaƙi mamaya kawai ya wanke waɗannan jami'ai biyu ba da haƙƙi ba.

Balens ya taso daga Antakiya da rundunarsa. Giratiyan, ɗan ɗan'uwansa mai mulkin yamma, yana tafe da gudunmawa, ya aiko a jira shi. Amma 'yan leƙen asiri sun ce abokan gaba ba su wuce 10,000 ba, Balens kuma ba ya son a raba nasara da yaro.

Ranar 9 ga Agusta, 378, kusa da Adiriyanofil, wato Edirne ta Turkiyyar yau, Rumawa suka yi tafiyar kusan mil takwas cikin zafin rana, ga yunwa ga ƙishirwa. Suka tarar da Got sun yi ganuwa da amalankensu. Firitigan ya yi ta aiko manzannin sulhu don ya ja lokaci, mutanensa kuma suka cinna wa ciyawa wuta. Kafin sarki ya ba da umarni wasu dakarunsa suka far wa sansanin. Ana cikin haka mahayan Got na Alatiyus da Safaraks, da suka tafi kiwon dawaki, suka dawo suka afka musu ta gefe. Aka matse dakarun ƙasa na Rumawa har mutum ba ya iya zare takobi. Kashi biyu cikin uku na rundunar suka halaka, gawar Balens kuwa ba a gan ta ba.

Tiyodosiyus da ya gaje shi bai iya korar Got ba. A 382 ya ba su ƙasar noma cikin daular, suna bin manyansu, suna ba shi mayaƙa. Daga cikin waɗannan mayaƙa Alarik ya fito, wanda ya shiga birnin Rum a Agustan 410, ya kwana uku yana kwasar ganima.