Na'urar ɗab'i ta 3D: A haɗa da hannu ko a sayo?

A yankin noman rani na Kura da Bunkure a jihar Kano, ƙaramin abu kan tsayar da babban aiki. Idan bakin injin feshi ya fashe, ko mahaɗin mesa ya karye, manomi zai bar gonarsa ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a birnin Kano, kuma ba lalle ne ya samu daidai abin da yake nema ba. Shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa.

Yankin na cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Dubban manoman shinkafa da alkama da tumatir ne ke dogaro da ƙananan injuna, waɗanda galibinsu daga waje ake shigo da su tare da kayan gyaransu.

Wannan ne ya sa batun na'urar ɗab'i ta 3D, wadda a ƙasashen Turai da Amurka mutane da dama ke ajiyewa a gida don sha'awa, ya cancanci a duba shi a nan. Tambayar farko da mai sha'awar na'urar kan fuskanta ita ce: ya haɗa tasa da kansa ne, ko ya sayi wadda aka riga aka ƙera?

Yadda take aiki

Na'urar ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take ja, mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi a zafin da ya kai kimanin digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, sannan ta riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa bisa zanen da aka yi a kwamfuta. Kowane hawa bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, shi ya sa abin da bai fi tafin hannu ba kan ɗauki sa'o'i da dama kafin ya kammala.

Wani kamfanin Amurka mai suna Stratasys ne ya riƙe haƙƙin mallakar wannan fasaha, kuma a wancan lokaci kuɗin na'ura guda ya kai dubban daloli. A 2005 wani malami a Jami'ar Bath da ke Ingila, Adrian Bowyer, ya fara wani shiri mai suna RepRap, da nufin ƙera na'urar da za ta iya buga wasu sassan jikinta da kanta, ya kuma saki zanenta kyauta ga duniya. Da wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare a 2009, sai ƙofa ta buɗe ga kowa.

Darasin Togo

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na birnin Lome. A 2013 wani ɗan Togo, Afate Gnikou, da ke aiki a cibiyar ƙere-ƙere ta WoeLab, ya haɗa irin wannan na'ura daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da aka zubar, a kan kuɗin da bai wuce kusan dala 100 ba. Labarin ya bazu a duniya, kuma har yau ana kafa hujja da shi.

To amma akwai abubuwa biyu da ake mantawa. Na farko, shi kansa sai da ya sayi wasu sassa sababbi, domin bola ba ta ba da komai. Na biyu, kasuwar ta sauya. A 2018 kamfanin Creality na ƙasar Sin ya fito da samfurin Ender 3 a kan kusan dala 200, kuma daga 2022 wasu kamfanoni irin su Bambu Lab suka soma sayar da na'urori masu sauri da ke daidaita kansu da kansu.

Saboda haka hujjar cewa haɗawa da hannu ta fi arha ta yi rauni ƙwarai. Wanda zai sayi ƙananan injinan lantarki aƙalla huɗu, da allon sarrafawa, da bakin narkar da roba, da bel-bel da sandunan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya biya kuɗin dakon kowanne zuwa Kano, zai iya kashe fiye da kuɗin cikakkiyar na'ura. Ga kuma faɗuwar darajar naira: dala da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, kuma kowane kuskuren oda asara ce mai ciwo.

Sai dai haɗawar na da ribar da kuɗi ba ya saye. Wanda ya ɗaura kowane noti da hannunsa ya san inda zai duba ranar da na'urar ta tsaya, kuma za ta tsaya. A Bunkure babu wakilin kamfanin da za a kira. Na'urorin zamani masu tsada da aka rufe cikinsu sun fi sauƙin amfani, amma idan wani sashe ya lalace sai an jira nasu na musamman daga waje, wataƙila makonni.

A nan ne hanya ta uku ta fi dacewa da yanayinmu: a sayi na'ura mai sauƙin tsari wadda ke zuwa a wargaje cikin kwali, mai ita ya haɗa ta cikin 'yan sa'o'i. Kuɗinta bai yi yawa ba, sassanta iri ɗaya ne da na sauran na'urori da yawa, kuma duk wanda ya iya gyaran rediyo ko wayar salula zai gane kanta. Haɗawa tun daga tushe ta fi dacewa da ɗalibin injiniya a Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wanda ilimin na'urar yake nema ba abin da za ta buga ba.

Zafi, ƙura da wuta

Ko wace hanya aka bi, akwai matsalolin da ba a rubuta su a jikin kwali ba. Robar da aka fi amfani da ita, wato PLA, tana fara laushi a kusan digiri 60. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40 a inuwa, don haka abin da aka buga da ita aka bari a rana, ko aka ɗaura a jikin inji mai zafi, zai iya lanƙwashewa. Nau'in PETG ya fi jure zafi da ruwa, ko da yake ya ɗan fi wuyar sarrafawa. Ƙurar hunturu na toshe bakin na'urar, danshin damina kuma na ɓata zaren idan ba a adana shi a rufe ba.

Wutar da take ci ba ta da yawa, sau da yawa tsakanin wat 100 zuwa 150, amma tana buƙatarta ba yankewa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin sa'o'i 6, aikin na iya lalacewa. Wato kafin a yi lissafin na'ura, sai an yi na batir da inbata ko sola.

Ya kamata kuma a san iyakarta. Tana iya buga murfi, da maƙali, da hannun kunna inji, da mahaɗin mesar da ruwanta ba shi da ƙarfi. Bayan girgizar ƙasar Nepal ta 2015, ƙungiyar agaji ta Field Ready ta buga mahaɗan bututun ruwa a sansanonin waɗanda suka rasa muhallansu. Amma duk abin da ke ɗaukar nauyi ko matsin ruwa mai yawa kan tsage a tsakanin hawa da hawa, kuma farfelar injin ban-ruwa har yanzu aikin ƙarfe ce.

Abu mafi wuya shi ne zane. Akwai dubban zane-zane kyauta a intanet, amma da wuya a tarar da na ainihin sashen da ya karye a injin wani manomi a Kadawa. Dole mai na'urar ya auna sashen da ma'auni mai kyau, ya zana shi a manhaja irin su FreeCAD ko Tinkercad, ya buga, ya gwada, ya gyara, wani lokaci sau uku ko huɗu. Wannan koyon ana iya fara shi da kwamfuta kawai, tun kafin a biya ko kobo a kan na'ura.