Idan Jini Ya Yi Kauri: Na'urar Tace Jini da Masu Sankarar Jini a Kudancin Kaduna

"Jininsa ya ƙare, sai an ƙara masa." Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibitin Kafanchan, ko a Zonkwa, ko a Kwoi, ya san wannan magana, ya kuma san abin da ke biyo bayanta. A buga wa ƙanne da abokai waya, a nemo wanda jininsa ya dace, a samu leda ɗaya ko biyu kafin gari ya waye. Galibi hakan ne daidai. Ledar nan ta tayar da mata da yawa da suka zubar da jini wajen haihuwa, da yaran da maleriya ta tsotse, da masu sikila.

Amma akwai wasu marasa lafiya ƙalilan da ledar za ta iya ƙara wa nauyi. Su ma idonsu ya yi fari fat, su ma haki suke yi, gwaji ma zai nuna jininsu ya yi ƙasa. Sai dai wanda ya rage a jikinsu ya yi kauri, ya cushe, yana tafiya da ƙyar a ƙananan jijiyoyin huhu da ƙwaƙwalwa da ido. Waɗannan wasu ne daga cikin masu sankarar jini, kuma a sa'o'in farko abin da jikinsu ke nema shi ne a rage masa kaya.

Matar da ke yin kamu ta riga ta san rabin wannan ilimi. In ta tace ƙullun gero ta ajiye, gasara takan kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. Jini ma haka yake idan an zuba shi a kwalbar gwaji aka juya da ƙarfi a cikin inji. Jajayen ƙwayoyi, da yake sun fi nauyi, su ne a ƙasa. Ruwa mai launin rawaya, wanda likitoci ke kira filasma, shi ne a sama, kuma ya ɗan haura rabin jinin. A tsakaninsu akwai wani siririn layi fari, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, inda fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta suke, tare da ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. A jikin mai lukimiya, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini, wannan siririn layi kan kumbura har a gan shi da ido daga nesa. Abin da likitan Jamus Rudolf Virchow ya gani ke nan a 1845, kuma sunan da ya raɗa wa cutar bayan shekara biyu, in aka fassara shi daga Girkanci, ma'anarsa "farin jini". A bakin Bahaushe wannan addu'a ce da uwa ke yi wa ɗanta. A ɗakin gwaji kuwa labari ne mai sa jiki ya yi sanyi.

Lafiyayyen mutum yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a cikin ɗigon jinin da bai kai kan allura ba. Idan ɓargo ya rikice ya shiga haifar da ɗanyun ƙwayoyi ba ƙaƙƙautawa, adadin kan wuce 100,000. Waɗannan ɗanyun ƙwayoyi manya ne, ba sa lanƙwasa kamar jajaye, kuma suna da danƙo, sai su manne a bangon jijiya su toshe hanya. In a huhu ne, numfashi ya gagara. In a ƙwaƙwalwa ne, sai ciwon kai, jiri, gani dishi-dishi, magana ta sarƙe, mutum ya fita hayyacinsa. A nan ne dangi kan fara zargin jifa ko iska, a ɗauki mara lafiya daga gadon asibiti a nufi gidan mai magani ko wurin addu'a. A wajen maza akwai wata alama da kunya ke sa a ɓoye ta: gaba ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya. Masu sikila sun san wannan. Idan ya wuce sa'a huɗu, maganar gaggawa ce, kuma in mutum ba mai sikila ba ne, wajibi ne a ƙirga fararen ƙwayoyinsa a ranar.

Hanya ta biyu da jini ke yin kauri ba ta ƙwayoyi ba ce, ta ruwan ce. Akwai sankarar ɓargo da ake kira mayeloma, wadda ta fi kama waɗanda suka manyanta, kuma alƙaluman Amurka sun nuna ta ninka sau biyu a jikin baƙar fata in aka kwatanta da Turawa. Tana zuwa da ciwon baya da na ƙashi wanda ba ya jin magani, da ƙarancin jini, da lalacewar ƙoda, shi ya sa dattijon da ya shekara yana noman citta a Kachia ko Jaba zai ɗauka gajiyar gona ce. Akwai kuma 'yar'uwarta da likitan Suwidin Jan Waldenström ya bayyana a 1944. Dukansu suna kwarara wani furotin marar amfani cikin ruwan jini har ya yi yauƙi. Alamunsa haɓo mai yawan dawowa, dasashi na zubar da jini, gani na raguwa, kai na nauyi. Likitan da ya haska cikin ido zai ga jijiyoyin sun kumbura sun yi gaɓa-gaɓa.

Domin irin waɗannan lokuta ake amfani da na'urar da ake kira afaresis. A ido tana kama da ta wankin ƙoda, amma aikinsu daban. Jini na fita ta allura a hannu ɗaya, ko ta bututun da aka sa a babbar jijiyar wuya ko ta cinya, ya shiga wani akushi mai juyawa da sauri, ya rabu kashi uku kamar yadda gasara ke rabuwa da ruwa. Sai na'urar ta zuƙe kashin da aka umarce ta, ta mayar da sauran ta ɗaya hannun. In fararen ƙwayoyi ne suka yi yawa, farin layin take ɗebewa. In ruwan ne ya yi kauri, shi take kwashewa, a maye gurbinsa da ruwan albumin ko ruwan jinin masu bayarwa. Zama ɗaya kan ɗauki sa'a biyu zuwa huɗu, mara lafiya na farke. Abin da aka fi kuka da shi shi ne leɓe da yatsu su riƙa tsikari, saboda sinadarin da ke hana jini daskarewa a cikin bututu yana rage kalsiyam na jiki, kuma ana gyara wannan nan take.

Asalin na'urar labari ne na uba da ɗa. A farkon shekarun 1960 wani injiniyan kamfanin IBM mai suna George Judson ya kai ɗansa mai lukimiya Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka. Ya ga yadda ake wahalar raba jini leda-leda da hannu, sai ya haɗa kai da likita Emil Freireich suka ƙera injin da ke raba jini yana gudana ba tsayawa. Na'urorin yau jikokin wancan inji ne.

To, me na'urar ke iya yi, me kuma ba ta iya yi? Nan ne nake son mai karatu ya tsaya, domin iyali da yawa kan sayar da gona a kan fatan da ba a yi musu cikakken bayaninsa ba. Na'urar ba ta warkar da sankara. Aikinta kamar na mai kwarfe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo: ɗaki zai bushe a samu wurin tsayawa, amma muddin ba a hau sama an toshe ba, ruwa zai dawo. Ɓargon da ke haifar da cutar yana nan yana aiki, kuma magungunan sankara ne kaɗai ke isa gare shi.

A wajen kaurin ruwan jini amfaninta a fili yake. Zama ɗaya kan kwashe kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin da ke yawo a jijiya, musamman a cutar Waldenström inda mafi yawansa a cikin jijiyar yake zaune. Haɓo kan tsaya, gani ya washe, wani lokaci a ranar. Shi ya sa ƙungiyar masanan wannan fanni ta Amurka ta sa musanya ruwan jini a sahun farko na maganin wannan yanayi. Amma da aka gwada shi a Kanada kan masu mayeloma da ƙodarsu ta lalace, sakamakon da aka wallafa a 2005 bai nuna wata fa'ida tabbatacciya ba. A wajen rage fararen ƙwayoyi kuwa, adadi kan faɗi da kashi ɗaya bisa uku ko rabi bayan zama ɗaya, ya sake hawa cikin ɗan lokaci, kuma bincike da dama bai tabbatar da cewa hakan na ƙara tsawon rai ba. Akwai ma wani nau'in lukimiya mai haddasa zubar jini wanda ake guje wa sa mai shi a na'urar gaba ɗaya. Inda take da rana sosai shi ne wajen mai juna biyu da ke da lukimiya mai tafiyar hawainiya, domin wasu magungunan na iya cutar da abin da ke cikinta, na'urar kuwa ba ta sa mata komai da zai taɓa shi.

Wannan bayani, a ganina, albishir ne ga yanki irin namu. A Najeriya na'urar ba ta wuce wasu manyan asibitoci ƙalilan ba, amma yawancin abin da ke ceton mai kaurin jini a kwana biyun farko bai fi ƙarfin asibitin gari ba. Cikakken ƙirgen ƙwayoyin jini, maimakon a tsaya ga gwajin maleriya da taifot ana maimaita allura mako bayan mako. Ɗigon jini a shafa a gilashi, ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba a madubin likita. Hannun likita a kan ciki ya ji ko saifa ta kumbura, a wuya da hammata ya ji ko akwai kaluluwa. In adadi ya haura, a sa ƙarin ruwa sosai, a ba da alofurinol don kare ƙoda daga dattin da ƙwayoyin ke saki idan sun fara mutuwa, a fara haidiroksiyuriya, ƙwayar da masu sikila suka sani, wadda ke iya karya adadin da rabi ko fiye cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sannan a yi taka-tsantsan da ledar jini: kada a ƙara sai ya zama dole, in ya zama dole a sa a hankali. Bayan haka a buga waya, a tura mara lafiya da takardar da ke ɗauke da alƙaluma, ba "a je babban asibiti" kawai ba.

Babban asibitin kuwa ba a kusa yake ba. Kafanchan gari ne da ya girma a kan mahaɗar layin dogo tun 1927, amma mai sankarar jini a yau a mota yake tafiya: ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko ta Kachia zuwa Barau Dikko a Kaduna, ko gaba zuwa Shika a Zariya, ko ta Kwoi zuwa Abuja. Masu wani nau'in lukimiya mai tafiyar hawainiya sun fi kowa sanin nisa. Maganin imatinib, wanda ya mayar da cutarsu abin da ake rayuwa da shi shekaru masu yawa, an fara raba shi kyauta a Najeriya a 2003 a asibitin koyarwa na Ile-Ife, kuma shekara da shekaru mutanen arewa can suka riƙa zuwa karɓa. Asusun tallafin masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda asibitin Shika na cikin wuraren gwajinsa, da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara. Mai sankarar jini da aljihunsa ya dogara, a yankin da annobar 2023 ta ruɓar da cittar da yawancin gidaje ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti da ita.

A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, a asibitin da ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa. Mutanen yankin sun daɗe suna jiran wannan. Ina goyon bayan a kawo na'urar afaresis wata rana, domin ba za ta zauna banza ba. Ita ce ke musanya jajayen ƙwayoyi ga mai sikilar da ke fuskantar shanyewar ɓarin jiki, ita ce kuma ke tatsar ƙwayoyin tsayar da jini daga mutum ɗaya daidai da abin da za a samu daga leda huɗu zuwa shida. Amma na'ura ce mai cin kaya. Kowane zama na buƙatar sabon saitin bututu da ake shigowa da shi daga waje a farashin dala, a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da likitan jini, da ma'aikatan jinya da aka horar, waɗanda kwalejin koyon jinya da ungozoma ta Kafanchan za ta iya zama tushensu.

Sai kuma lissafin da ya fi damuna. Baligi na ɗauke da ruwan jini kusan lita 3. In babu albumin, ko yanayin mara lafiya ya sa dole a yi amfani da ruwan jinin masu bayarwa, kowace leda ba ta wuce rubu'in lita ba. Ke nan zama ɗaya na cin leda 12, daga mutum 12, kowace an raba ta da jajayen ƙwayoyinta cikin 'yan sa'o'i, an tantance ta, an daskarar da ita a firjin da bai taɓa mutuwa ba. Wani mara lafiyar zama biyu ko uku yake buƙata. Tsarin "kawo ɗan'uwanka ya bayar" ba zai ɗauki wannan ba, ko da gidan mai yawa ne. Sai an samu mutanen da ke ba da jini da kansu a kai a kai, namiji bayan wata uku, mace bayan wata huɗu, ba tare da sun san wanda zai karɓa ba. Ƙungiyoyin matasan coci da na masallaci a Jema'a, Kaura da Zangon Kataf, da ɗaliban kwalejin Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, sun isa su cika rajistar farko, in har asibitin ya tanadi injin raba jini da firjin da za a ajiye abin da suka bayar.