Sharuɗɗan Da Ya Kamata A Rubuta Kafin Katafila Ta Shiga Fili A Inugu

Ɗan kasuwar da ya sami fili a Inugu don gina sito ko rumfunan haya, aikin farko da zai ba da kwangilarsa shi ne gyaran filin, watau sare itatuwa, rushe tsohon gini, kwashe ɓaraguzai, daidaita ƙasa, ciko da kuma fitar da hanyar ruwa. Yawancin 'yan kasuwarmu da baki suke ƙulla wannan ciniki, don suna ganin ƙaramin aiki ne. Alhali kuwa shi ne aikin da ya fi wuyar kimantawa, domin ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai an tona.

Unguwar Coal Camp ta isa misali. Bayan da aka gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka fara haƙarsa a 1915, hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta iso Inugu a 1916, sai aka kafa wannan unguwa don zaman ma'aikatan haƙar kwal. Jirgin ne kuma ya ƙara buɗe wa fataken Arewa hanya, musamman bayan kammala gadar Makurɗi a 1932, har wani falken shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yanzu haƙar kwal ta ja baya, unguwar ta koma cibiyar masu sayar da kayan gyaran mota da maƙera, kusa da babbar kasuwar Ogbete. Filin da duk za a samu a irin wannan wuri da wuya ya zama sabo. Akwai tsohon tushen gini, tsohuwar masai da aka binne, bututun ruwa, ga kuma maƙwabta bango da bango.

Abu na farko da za a tabbatar shi ne ikon mai filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne kawai, kuma sashe na 22 ya hana sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi ba da amincewar gwamna ba. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Saboda haka tilas yarjejeniya ta ambaci lambar takardar mallaka da taswirar safiyo, ta kuma nuna duwatsun iyaka. Wanda ya karɓi fili haya daga wani dangi, kamar yadda baƙi da yawa ke yi, yana bukatar rubutaccen izinin masu filin kafin ya rushe ko da katanga ce. Har ila yau, a cikin birnin Inugu ba a fara gini sai da izinin hukumar raya babban birnin jihar, ECTDA, wadda aka kafa a 2009. Sai a rubuta wanda nauyin neman izinin ke kansa, da wanda zai ɗauki hasarar kwanakin da injuna suka yi a tsaye in hukuma ta dakatar da aiki.

Abu na biyu shi ne yadda za a auna aikin. Hanyoyi uku aka saba da su. Akwai jimla, inda ɗan kwangila ke yanke kuɗi ɗaya ga aikin duka. Akwai biya bisa awo, watau kuɗi kaza ga kowace mita ta ƙasar da aka tona ko aka cike. Akwai kuma hayar inji ta yini. A jimla, ɗan kwangila ne ke ɗauke da haɗarin abin da ba a gani ba, don haka yakan tsawwala farashi. A hayar yini kuwa haɗarin duka na kan mai fili, domin ko katafila ta yi aiki ko ta wuni tana jiran mai, kuɗinta na tafiya. Biya bisa awo ya fi adalci, muddin an auna tudu da kwarin filin kafin a fara, bangarorin biyu suka sa hannu a kan sakamakon.

Alal misali, fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai kimanin murabba'in mita 450. In ana son ɗaga shi da rabin mita, ana bukatar mita 225 ta jar ƙasa bayan an daddanne ta. Amma ƙasar da ke cikin tifa a sake take, tana raguwa in an bi ta da inji. Wanda ya yi lissafin tifa 23 mai ɗaukar mita goma zai iske ya sayi kusan 28 kafin filin ya kai inda ake so. Daga nan rigima ke tashi: mai fili yana ƙidayar tifa, ɗan kwangila yana cewa ƙasa ta sha. Maganin abin shi ne a rubuta cewa za a biya bisa ƙasar da aka danne a wurin, a kuma ƙayyade kaurin kowane shimfiɗi kafin a danne shi.

Abu na uku shi ne yanayin ƙasa da ruwa. Inugu tana gindin tsaunukan Udi, ƙasarta a wurare da dama yumɓu ce mai kumbura da damina, ta tsage da rani, kuma ruwan saman da take samu ya kai ninki biyu na wanda Kano ke samu. Damina takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba. Filin da aka share aka bari tsirara a kan gangare, ruwa guda zai iya yage shi ya kwashe ƙasar zuwa gidan maƙwabci. Zaizayar ƙasa a kudu maso gabas ta yi tsananin da ya sa Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya suka ƙaddamar da shiri na musamman a kanta a 2012. A Fatakwal matsalar fadama ce, inda cikon yashi kan lashe kuɗi masu yawa kafin a aza tubali ɗaya. A Anacha kuwa ambaliyar kogin Kwara ta 2012 da ta 2022 ta nuna muhimmancin sanin tsayin da za a kai ciko. Don haka yarjejeniya ta wajabta magudanar ruwa ta wucin gadi tun ranar farko, ta kuma faɗi farashin fasa dutse ko tone tsohon tushe in an ci karo da su, tare da sharaɗin cewa ba za a yi wani ƙarin aiki ba sai da rubutaccen umurnin mai fili.

Abu na huɗu shi ne tsarin biya. Dokar ba da kwangilolin gwamnati ta 2007, a yadda aka fara zartar da ita kafin a yi mata gyara, ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin 100, kuma sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Dokar ba ta hau kan ciniki tsakanin mutum da mutum ba, amma darasinta a fili yake: kada a ba da rabin kuɗi ga wanda bai kawo inji wurin ba. A raba biya mataki mataki, bayan shara, bayan tono, bayan ciko. A riƙe kashi 5 cikin 100 har sai damina ɗaya ta wuce a kan cikon, domin a lokacin ne aikin ha'inci ke bayyana. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, farashin man dizal da kayan gyaran injuna ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka aikin da zai wuce wata biyu yana bukatar sharaɗin yadda za a raba ƙarin farashin mai. A kuma bayyana ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 yana cikin jimlar.

Sauran sharuɗɗan su ne ranar farawa da ta gamawa, tarar kowane mako na jinkiri, wurin da aka amince a zubar da ɓaraguzai, da wanda zai biya diyya in inji ya fasa bututu ko ya kayar da bangon maƙwabci. Raunin ma'aikaci kuwa, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa wanda ya ɗauke shi aiki nauyin yi masa rajista, sai a rubuta cewa leburori da direbobi na ɗan kwangila ne.

In saɓani ya taso, al'adar 'yan kasuwarmu ita ce a kai magana gaban Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa. Wannan yana da amfani in bangarorin biyu suna ƙarƙashin inuwarsu, amma ɗan kwangilar da ba ɗan zango ba ne, ba abin da zai tilasta masa bin hukuncinsu. Dokar Sasantawa ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba da damar a sanya sunan mai sulhu a cikin yarjejeniya, kuma kotu na iya zartar da hukuncinsa. Kuɗin lauya da na injiniya mai rajista da COREN da za su duba takarda mai shafi uku ko huɗu bai kai na tifa kaɗan na jar ƙasa ba. Ba a fafa gora ranar tafiya: mai niyyar gini a ranin bana, yanzu ne lokacin auna filinsa da rubuta sharuɗɗansa.